Layin da ban fassara wa Inna ba

A gidanmu ni ce mai karanta takarda. Ordinas ɗin likita, takardar kuɗin wuta, saƙon da ya shigo wayar Baba da Faransanci, duk ni ake miƙo wa. Tun ina firamare nake wannan aiki, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa, don lokacin ne kaɗai manya ke yin tsit su saurare ni. Shi ya sa ranar da mijin Yaya ya shigo da gwangwanin madara cikin ledar farmasi, ko uffan bai ce ba. Ya ajiye shi gabana, ya koma zaure wajen masu gaisuwa.

Yaya ta rasu kwana uku bayan ta haihu. Jijjiga ce. Ba a kanta zan yi wannan rubutu ba, har yau hannuna bai iya ba. Ta bar mana ɗiya mace, ƴar mitsitsiya, kilo biyu da ɗan abu, don ba ta cika watanninta ba. Ranar suna aka raɗa mata sunan uwarta, kuma da yake Inna ba ta faɗin sunan ƴarta ta fari, sai ta riƙa ce wa jaririyar Talle, kowa ya bi bakinta.

Tun daren rasuwar matar Kawu ta ce a ba ta yarinyar. Tana goyon ɗa namiji ɗan wata huɗu, nono kuwa har jiƙa mata riga yake. Amma tsofaffin gida suka yi ta jan maganar. Gwaggo ta ce in Talle ta sha wannan nono, ita da ƴaƴan matar Kawu sun zama ƴan'uwan shayarwa, aure ya haramta tsakaninsu har abada, alhali zuri'armu da auren gida aka san ta. Mijin Yaya kuma, a ganina, so yake ya yi wa ɗiyarsa wani abu daga aljihunsa, tunda bai iya yi wa uwarta komai ba. Ni ma bayan gwangwani na bi. Ina shekarar farko a jami'a, sashen nazarin halittu, kaina cike da boko. Abin da ya fito daga Turai, da marfi biyu, na roba da na ƙarfe, da hoton zuciya da jerin bitamin a jikinsa, wa zai ce akwai abin da ya fi shi tsabta a duk faɗin Maradi?

Na zauna kan tabarma, Inna na gefe da jaririyar a cinya, na shiga fassara. A wanke hannu da sabulu. A tafasa bibiro da kansa, wato abin da ƴan Nijeriya ke ce wa fida. A zuba ruwa tukuna, sannan gari, cokali guda a shafe ga kowane mililita 30. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi. Inna na gyaɗa kai, tana maimaitawa kamar mai biya karatun allo. Sai na zo layin ƙarshe, wanda aka rubuta da baƙi mai kauri. Cewa yake a haɗa madarar daidai lokacin da za a ba yaro, kada a ajiye, kuma abin da ya rage bayan awa guda a zubar.

Na karanta shi a zuci, na ɗaga ido na dubi Inna, na ce, "Shi ke nan, ya ƙare."

Na sha tambayar kaina me ya sa na yi haka. Inna mace ce da ba ta zubar da ƙanzon tukunya. Ruwan wankin gero ma akuya take ba. Gwangwanin nan jikka huɗu da rabi aka saye shi, kuma na riga na yi lissafi a kai cewa da ƙyar zai kai mako. In buɗe baki in ce mata ta tuttular da madara a rariya, cikin gidan makoki, a gaban mutumin da na san bashi ya ci ya sayo? Na ce a raina wannan almubazzarancin Turawa ne, kuma dabarar ƴan kasuwa ce don gwangwani ya ƙare da wuri a sake saye. Na ɗauka wayo na yi.

Sai matsalar dare ta taso. Talle ba ta wuce awa biyu zuwa uku ba ta farka ba, kuma duk farkawa sai an hura gawayi, an jira ruwa ya tafasa, an jira ya huce, ita kuwa tana tsala kuka har maƙwabta na jiyowa. Cikin kwana huɗu Inna ta fara gyangyaɗi a kan sallaya. Nan ma ni na kawo dabara. Bayan isha'i sai in haɗa madarar dare gaba ɗaya, in juye ta da ɗuminta cikin tarmos ɗin shayin Baba. Yarinya na motsawa, sai a tsiyaya a ba ta. In ta sha rabi ta koma barci, a rufe bibiro da ƙyalle, in ta farka a ƙarasa mata. Inna ta ce, "Allah shi yi miki albarka, yau boko ya yi rana."

Watan Afrilu ne. Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san abin da nake nufi: rana ta wuce digiri 40, dare kuma bango na amayar da zafin da ya sha. Ba mu da firigo, kuma ko da muna da shi, wutar ba ta zama.

Tana da kwana goma sha tara zawo ya fara. Da safe muka ce ko canjin madara ne. Kafin la'asar ta fara amai, ta ƙi kama bibiro, kukan ma ya koma wani siriri kamar na ɗan kyanwa. Da magariba Inna ta shafa kanta ta ce maɗiga ta faɗa. Gwaggo, daga bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Uwar ce ke kiranta." Ban taɓa jin maganar da ta tsinka mini gwiwa kamar wannan ba. Na fizgi mayafi na fita neman kabu-kabu.

A asibiti an daɗe ana neman jijiya. Hannu babu, ƙafa babu, a ƙarshe a fatar kai aka samu, aka aske mata ɗan gashin gefe aka sa ƙarin ruwa. Bayan abin ya ɗan lafa, majo, wata dattijuwa mai tabarau, ta kira ni gefe ta ce in faɗa mata yadda muke haɗa madarar, tun daga farko. Na faɗa mata, har da tarmos, kuma wallahi har lokacin da sauran alfahari a muryata. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ke ɗaliba ce?"

Na ce e.

"Mi kike karantawa?"

Na faɗa mata.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗiyata, kin dahwa ma cuta abinci, kin shimhiɗa mata gado cikin ɗaki mai ɗumi, kin ce ta kwana lahiya. Ba a rubuta a jikin gwangwanin a zubda saura ba?"

Na ce an rubuta.

Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana shida muka yi. Talle ta tashi, alhamdu lillahi. Amma sai da na shiga shekara ta biyu, muka fara darasin ƙananan halittu, na gane ainihin abin da na aikata. Malaminmu ya rubuta a allo cewa garin madarar jarirai ba abu ne da aka kashe duk wata ƙwayar cuta a cikinsa ba. Na ɗauka kunnena ne. Ashe haka abin yake, kuma ba asiri ba ne, duk masu sana'ar sun sani. Ana dafa madarar tana ruwa, sannan a fesa ta cikin wata doguwar hasumiya mai iska mai zafi har ta bushe ta zama gari, wani lokaci a ƙara wasu sinadarai a bushe, a zuba a gwangwani a rufe. Bayan rufewa ba a sake dafa ta. Duk ƙwayar da ta faɗa ciki tsakanin hasumiya da marfi, daga ƙura ko bene ko injin, tana nan. Bushewa ba ta kashe ta, barci kawai take sa ta.

Biyu ne aka fi tsoro. Ɗaya Salmonella, mai kawo zawo da zazzaɓi. Ɗayar kuma Cronobacter sakazakii, wadda ke iya zama cikin busasshen gari sama da shekara tana jiran ruwa. Ba kasafai take kama yaro ba, amma in ta kama, jini take shiga, ta hau ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau, ko ta ɓata hanji. Da yawa ba su tashi, waɗanda suka tashi kuma wasu da naƙasa. An samo sunanta daga Kronos, wani dodo na tatsuniyar Girkawa mai haɗiye ƴaƴansa da zarar an haife su. Waɗanda suka raɗa sunan sun san abin da suke faɗi. Jariran da ta fi yi wa illa su ne ƴan ƙasa da wata biyu, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba nauyi. Ina zaune a aji ina ƙirgawa da yatsa: Talle ta cika duka ukun.

Sai lissafin da ya hana ni cin abinci ranar. A cikin madara mai ɗumin jiki, ƙwaya guda tana iya rabuwa biyu cikin kamar rabin awa. Daga ƙarfe tara na dare zuwa uku na asuba awa shida ne, rabuwa goma sha biyu ke nan. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, ku ci gaba da kanku: 4096. Daga guda ɗaya tak. Ita kuma tarmos aikinta ke nan, ta riƙe ɗumi. Ƙwayar da ta kwantar da Talle tana iya kasancewa daga garin ta fito, ko daga ruwan ɗan garuwa, ko daga cokalin da muke mayarwa cikin gwangwani da jiƙaƙƙen hannu, ko daga bakin yarinyar kanta ta koma cikin saura. Ta kowace ƙofa ta shigo, ni na ba ta wurin kwana.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar talaka ce kawai, ko ta kayan jabu. A Disambar 2017 aka gano Salmonella a madarar jarirai ta kamfanin Lactalis, daga masana'antarsa ta garin Craon a yammacin Faransa. Jarirai sama da 30 suka kwanta a can. Kafin a gama, sai da aka ce a janye gwangwani miliyan 12 daga ƙasashe 83, har da na Afirka ta Yamma. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne binciken Cibiyar Pasteur ya nuna irin ƙwayar da ta kwantar da jarirai sama da 140 a 2005 ce, daga wannan masana'anta dai. Shekara goma sha biyu tana laɓe a cikin gini. A Fabrairun 2022 kuma aka rufe masana'antar kamfanin Abbott a Sturgis, jihar Mishigan ta Amurka, bayan jarirai huɗu sun kamu da Cronobacter, biyu suka mutu. Masu bincike sun sami ƙwayar a cikin masana'antar, kamfanin kuma ya ce irin da aka samu bai yi daidai da na jikin yaran ba. Rufewar ta sa madara ta yi ƙarancin da har jiragen soja aka sa suka yi jigilarta daga Turai.

Da na karanta labarin Faransa, tambaya guda ta tsaya mini. Can, in aka ce a janye kaya, ana faɗa a talabijin, ana buga lambar kowane rukuni, uwa ta duba gindin gwangwaninta ta mayar. Nan fa? Gwangwanin da ya bi ta hannun ɗan kasuwa biyar, ya sha rana a kan tebur a kasuwa, wa zai bi shi har ɗakin Inna ya ce a dawo da shi? Kuma jaririn da ya yi zawo ya mutu a ƙauye, wa zai ɗauki kashinsa ya kai labo? Cewa za a yi kwana ya ƙare.

Tun 2007 hukumar lafiya ta duniya, OMS, tare da FAO suka fitar da ƙa'idar haɗa wannan madara, kuma ginshiƙinta lamba ɗaya ce: 70. Ruwan da za a zuba wa garin kada ya gaza digiri 70, don zafin ya kashe abin da ke cikin garin kansa. Wanda ba shi da ma'aunin zafi, ya tafasa ruwa, kada ya bar shi ya wuce minti 30 kafin ya haɗa. Sannan a tsoma bibiron cikin kwanon ruwan sanyi har ya huce, a ɗiga a bayan hannu a ji, a ba yaro nan take. Abin da ya wuce awa biyu a zubar. In dole sai an ajiye, to a firigo mai sanyin da bai wuce digiri 5 ba, kuma kada ya wuce awa 24. Inda wanke bibiro ke da wuya, ƙaramin kofi ya fi shi, don ba shi da lungun da madara za ta maƙale.

Ku lura, gwangwaninmu ruwa mai ɗumi-ɗumi ya ce, bai ce 70 ba. Kamfanoni da yawa haka suke rubutawa, suna cewa zafi na rage wasu bitamin, kuma ana gudun ƙona yaro. Ban ce ƙarya suke ba. Amma wanda ya rubuta wannan umarni wani gida yake hange: gida mai ruwan kwalba, da firigo, da gaz da ake kunnawa da yatsa ɗaya, da uwa mai karanta Faransanci. An ɗauko gwangwanin an kawo mana, ba a kawo gidan ba. Mu ƴan Maradi ya kamata mu fi kowa gane wannan. Lokacin yunwar 2005, abin da ya sa Plumpy'Nut ya ceci dubban yara a nan shi ne ba a haɗa shi da ruwa. A yage leda, yaro ya tsotsa. Waɗanda suka ƙirƙiro shi sun san cewa a wurinmu, daga lokacin da ruwa ya taɓa gari ake shiga haɗari. Sai dai shi na yaran da suka kai wata shida ne, ba na jinjiri ba.

Ga kuma kuɗi, wanda shi ne ya rufe mini baki tun farko. Jaririn da madarar gwangwani kaɗai yake sha yana buƙatar kusan kilo 20 a wata shidan farko. Gwangwani 50 ke nan na giram 400. Ku ninka da jikka huɗu da rabi, ku gaya mini gida nawa a unguwarku za su iya. Abin da ke biyo baya mun san shi: a rage cokali a ƙara ruwa, a ajiye saura, in abin ya ci tura a koma madarar ƙulli ta shayi da ake aunawa daga buhu, wadda ba don jarirai aka yi ta ba sam. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallata madarar gwangwani a matsayin abin da ya kai nonon uwa, amma gwangwanin ba ya buƙatar talla a wurinmu. Ƙyallinsa ya isa. Na ga masu shayarwa lafiya lau suna saye don a san mai gida na da hali. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Ba ina cewa madarar gwangwani guba ba ce. Akwai marayun da ba su da matar kawu, akwai uwayen da ciwo ya hana, kuma ita ce ta riƙe Talle kwana goma sha shida. Haushina yana kan yadda muke kallonta, da kuma kaina. Mu da aka kai lakwal, mu ne idon gidajenmu a kan duk abin da aka rubuta. Inna ba ta da hanyar sanin akwai layin da na tsallake. Ta amince da ni kamar yadda na amince da marfin ƙarfe.

Ranar da za a sallame mu, majo ta tambayi Inna ko akwai mai goyo a dangi. Inna ta dubi ƙasa ta ce akwai. Aka kira matar Kawu, aka yi mata gwajin jini, komai lafiya. A nan bakin gadon asibiti ta karɓi Talle ta sa ta a ƙirji. Yarinyar ta ɗan yi ta lalube, ta saba da roba, sannan ta kama. Da labari ya kai wa Gwaggo, cewa ta yi, "To, an rage mana aure guda." Inna ta ce, "Sai da rai aka aure, Yaya." Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar.

Ban faɗa wa Inna zancen layin ba sai bayan wata takwas, muna tsinke zogale. Ta daɗe ba ta tanka ba. Da ta buɗe baki, cewa ta yi, "Da kin hwaɗi, da ban zubda ba. Amma da kin hwaɗi."

Watan jiya wata maƙwabciyarmu ta haifi tagwaye, nono bai isa ba, likita ya ce ta riƙa cikawa da gwangwani kafin ya kawo sosai. Ta aiko a kira ni in karanta mata. Na karanta tun daga sama har ƙasa, na ƙara mata da zancen ruwan zafi, na zo layin ƙarshe na faɗe shi sau biyu.

Ta ce, "A zubda? Ke kin san nawa anka sayo shi?"

Na ce na sani, Anti. Na ce ta riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, daidai cikinsu, in ba su ƙoshi ba ta sake haɗawa. Ta ce da dare fa, wa zai ta hura mata wuta? Na koma gida na ɗauko tarmos ɗin Baba, na wanke shi da ruwan zafi, na kai mata. Na ce ta cika shi da tafasasshen ruwa bayan isha'i ta rufe kam, zai riƙe zafinsa na wasu awoyi, ta riƙa haɗawa da shi duk lokacin da suka farka. Ruwa kawai, na ce, kada madara ta taɓa shiga cikinsa.

Ta juya tarmos ɗin a hannu, ta ce za ta gwada. Talle, wadda ta biyo ni tana riƙe da gefen zanena, ta miƙa hannu tana son taɓa ƙafar Hassana.